Rami na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina sauka
inda rana ba ta da labari,
mita ɗari takwas ƙarƙashin Silesiya.
Kwal ya zizara mini kwallin da ya gagari sabulu,
ya bar mini tari a ƙirji,
ɗan hayar da ba ya biya, ba ya tashi.

Da kuɗin baƙin dutsen nan na saya wa Dobrochna littattafai.
Yau malama ce a jami'a, can Katowice,
ofishinta a hawa na biyar,
tagarta na kallon bututun hayaƙi ido cikin ido.
Shekara uku tana auna numfashin gari,
tana ƙirga yaran da ke kwana asibiti in sanyi ya kankama,
da dusar ƙanƙarar da a da take kai wa gwiwa,
yanzu ko tafin takalmi ba ta rufewa.

Ran Lahadi ta zo da rahoton,
shafi ɗari biyu da goma sha huɗu,
ta ajiye shi gefen kwanon kabeji.
Ƙanenta Zbyszek, da har gobe yake sauka,
bai ɗaga kai daga dankalinsa ba.

Na ce, tsallake lissafin, karanta mana ƙarshe.
Ta ce, a rufe mahaƙar nan da shekara tara.

Cokula suka tsaya.
Uwarsu ta tashi duba tukunyar da ba ta kan wuta.

Zbyszek ya ce, a wane shafi nake?
Ta buɗe, ta nuna masa jadawali:
ma'aikata, dubu biyu da ɗari uku.
Ya ce, wannan lamba ce. Ni ina nake,
da bashin gida, da tagwayena?
Ba ta amsa ba. Kunnenta ya yi ja,
irin jan da yake yi tun tana ƙarama
in ta san tana da gaskiya amma gaskiyar ba ta ishe ta ba.

Wata biyu ko waya.

Sai ga ta da daddare, rigar ruwa sharkaf,
da taswira ƙunshe a hammata.
Baba, ta ce, tsofaffin ramukan da aka bari sun cika da ruwa,
kuma ruwan da ɗumi.
In muka jawo ɗumin sama, zai iya gasa ɗakunan unguwa
ba tare da an ƙona ko dunƙule ɗaya ba.
Za a nemi masu famfo, masu walda,
mutanen da duhu ya san sunansu.
Sai dai taswirar ofis ta tsaya a rami na uku.

Na yi dariya har tarin ya karɓe.
Rami na huɗu ba ya kan takarda, yarinya,
yana nan, cikin gwiwoyina.

Na ɗauki fensir.
Nan muka karya hagu a shekarar da aka haife ki.
Nan bango yake gumi ko a tsakiyar Janairu.
Nan Alojz ya rasa yatsu biyu. Kar ki saka wannan.
Ta saka.

An ce abin da babba ya hango yana zaune,
yaro ko ya hau bene ba zai gani ba.
To, ita daga benenta ta hango sama tana zazzaɓi,
ni ina ƙasa ban sani ba.
Ni kuma na san inda ƙasa take ɓoye ɗuminta.

Ban ce za a yarda ba.
Takardar tana wani tebur a Warsaw,
ƙarƙashin wasu takardun.
Zbyszek bai ce ya huce ba,
amma jiya na gan shi a bakin tsohon ramin,
yana zura mata igiyar ma'auni,
yana yi mata tsawa:
a hankali, malama, ba alƙalami ba ne.